Amsa ga ƙanwata kan tsofaffin 'yan fim na ƙasar Sin

Assalamu alaikum, ƙanwata.

A shirin rediyon da aka gayyace ni kin bugo waya kin ce: in gaskiya ne mutanen Sin suna girmama na gaba, me ya sa tsofaffinsu ba sa jan ragamar fim? Lokaci ya ƙure ban amsa ba, ga amsar.

Mu fara da ware maza. Jackie Chan da muka taso muna kallo haifaffen 1954 ne, Andy Lau na 1961, kuma har yau su ne jarumai a finafinansu. Namiji in ya yi suna, furfura ba ta korar sa. Matan ne abin ke ci, tun tsufan bai zo ba. A 2019, wurin bikin finafinai na FIRST a birnin Xining, jaruma Hai Qing ta tsaya a dandali tare da takwarorinta Yao Chen da Liang Jing tana roƙon matasan daraktoci su ba su aiki, har da barkwancin cewa sun fi jarumi Hu Ge araha. Shekarunsu fa ba su kai 50 ba, kuma duk ƙasar an san su.

Mai zuba kuɗi ba ya sa girmamawa a lissafi. Abin da yake dubawa shi ne wa ke sayen tikiti, kuma galibi matasan birane ne. Sai ya nemi saurayi ko budurwa mai tarin mabiya a Weibo, dandalin sada zumunta na Sin, ko da wasan nasa bai nuna ba. Masu shekara 60 zuwa sama a Sin sun haura miliyan 300 a ƙarshen 2024, amma yawancinsu talabijin ɗin gida ya ishe su, ba su cika zuwa silima ba. Shi ke nan sai a bar wa tsohuwa matsayin uwar jarumi ko surukar da ke hana ruwa gudu.

Ba iyawa suka rasa ba. Yong Mei ta karɓi kyautar gwarzuwar jaruma a bikin finafinai na Balin a 2019 tana da shekara 49. Deanie Ip ta Hong Kong ta karɓa a na Benis a 2011. A 2022 Wu Yanshu, mai shekara 84, ta ci ta bikin Beijing, abokiyar wasanta Xi Meijuan kuma ta ci Golden Rooster, babbar kyautar fim ta ƙasar Sin. Amma ki duba labaran. Deanie Ip 'yar aiki ta fito wadda ta samu shanyewar ɓarin jiki. Wu Yanshu uwa ce mai jinyar 'yarta da ciwon mantuwa ya kama. Yong Mei kuwa ɗanta ne ya mutu. A nan nake ganin laifin marubuta ya kai na furodusoshi, don kamar ba su san abin da za su yi da mace mai shekaru ba in ba ciwo ko makoki. Ina 'yar kasuwa, ina alƙaliya, ina bazawarar da ke neman aure?

Na san za ki kawo mini Michelle Yeoh. 'Yar Malesiya ce da ta yi suna a Hong Kong, kuma Oscar ɗin da ta ci a 2023 tana da shekara 60 a fim ɗin Amurka ta ci shi. Matsayin ma da farko Jackie Chan aka rubuta wa.

Ki gaida mutanen gida.

Yayanki.