Wasiƙa zuwa ga ɗana kan kuɗin tarukan masu nazarin ƙarƙashin ƙasa

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na samu labarin an sa ka cikin kwamitin da ke raba kuɗin tallafi ga tarukan masu nazarin tsarin cikin ƙasa da motsinta, shi ya sa na ga ya dace in faɗa maka abin da ke raina tun kafin ka fara sa hannu.

Ka fi ni sanin cewa babu wanda ya taɓa ganin abin da kuke nazari da idonsa. Ramin Kola da masana suka haƙa a Rasha don bincike, duk da zurfinsa, ya tsaya ne a kilomita 12 da 'yan kai, alhali tsakiyar duniya tana da nisan kimanin kilomita 6,371. Wani masani yana bin igiyoyin girgizar ƙasa ya ga inda suke lanƙwasa da inda suke ɓacewa, wani yana matse ƙwayar ma'adini tsakanin lu'ulu'u biyu don ya kwaikwayi matsin da ke can ƙasa, wani kuma yana lissafa yadda narkakken ƙarfe ke juyawa har ya haifar da maganaɗisun duniya. Idan sakamakon ɗaya ya saɓa wa na ɗaya, dole su zauna gaba da gaba su warware, kuma wannan zaman shi ne abin da kuɗin hannunka zai saya. Saboda haka ka fifita taron da ya haɗa waɗannan ɓangarori, wanda kuma ya bar isasshen lokacin tambaya da muhawara, a kan wanda ya cika jadawalinsa da jawabai.

Kada ka hana mutum tallafi don ra'ayinsa bai samu karɓuwa ba. A 1912 wani masani Bajamushe, Alfred Wegener, ya tsaya gaban wani taro a Frankfurt ya ce nahiyoyi suna motsi, yawancin masana suka ƙi yarda, sai a shekarun 1960 binciken ƙasan teku ya tabbatar da motsin. Hujja za ka duba, ɗana, ko da mai ita ba shi da suna.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibai. Babban farfesa yana da hanyoyin biyan kuɗin jirgi da masauki, amma ɗalibin da ya shekara yana tace bayanan tashar auna girgizar ƙasa sau da yawa ba shi da ko ɗaya. Ka ware musu kaso mai tsoka, a kuma biya su da wuri, domin neman biza yana cin lokaci, kuma cewa mutum ya kashe nasa a mayar masa daga baya hana shi zuwa ne.

Ka nemi rasit da rahoto daga kowane taro. Ranar da takardar malaminka ko ta abokinka ta iso gaban kwamiti, ka sanar da su alaƙarku, ka fita har su gama yanke hukunci.

Allah ya yi maka jagora.

Mahaifinka