Rahoton Sakatare na Ƙarshen Shekara: Aikin Ragar Ƙashi da Batun Kuɗin Wata

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, in ban da na watan azumi.

Abin alfaharinmu bana shi ne ranar bita, inda muka buga ragar ƙashi, wato ragar da ake dasawa domin sabon ƙashi ya tsiro a cikinta, a firintar 3D a gaban jama'a. Ɗakin ya cika, har likitocin ƙashi sun zo. Mun yi aiki da PCL, wata irin roba, saboda tana narkewa a wajen digiri 60, aka cakuɗa ta da garin ƙarfen maganiziyom kaɗan, aka bar ramuka masu faɗin da ya haura maikuromita 300 domin jijiyoyin jini da sabon ƙashi su sami hanyar shiga. Wani likita ya tambayi dalilin zuba ƙarfe a roba. Ƙanwarmu ta kwamitin bincike ta amsa masa tsaf: roba ita kaɗai ba ta jawo ƙwayoyin ƙashi sosai, maganiziyom kuwa yana zaburar da su, kuma jiki ya san shi, tunda fiye da rabin wanda ke jikinmu a ƙashi yake. Ta ƙara da cewa tun 2013 Turai ta amince da MAGNEZIX ta Jamus, kusar ɗaure ƙashi da aka yi da maganiziyom, wadda ke narkewa a jiki. Allah ya ƙara mata basira.

To, ana ta tambaya a WhatsApp ina aka kwana kan gwajin narkewa. Ba sakaci ba ne. Gwajin yana bukatar a jiƙa ragar cikin ruwa mai kama da na jiki, a digiri 37, watanni ba yankewa, ana auna nauyinta da iskar haidurojin da maganiziyom ke fitarwa. In wuta ta ɗauke dare ɗaya, aiki ya lalace. Batir da sola muka nema, asusu bai kai ba. 

Me ya hana asusun kaiwa? Mambobi da yawa ba su biya ko wata guda ba, wasunsu kuma su ne a gaba ranar ɗaukar hoto. Kowa na cikin matsi, na sani, amma masu biyan ma ba rara gare su ba. Na gaji da bin mutane ofis-ofis.

Wanda ake bi bashi ya ga Malam Ma'aji kafin taro mai zuwa. Maganar sola ce ta farko a ajanda, kuma za a karanta sunayen waɗanda suka biya.

Wassalam,
Sakatare