Jan Hankali Ga Magidanta Masu Sayar Da Jif Ɗinsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin magidanta masu rabuwa da manyan motocinsu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, jif mai silinda shida ta zame wa ma'aikaci ƙarfen ƙafa, shi ya sa wuraren dillalai suka cika da su.

Ni ma na sayar da tamu, Toyota Highlander ƙirar 2008, wadda ta yi shekara tara tana kai yara makaranta, tana kuma kai mu gida duk Sallah. Dillalin ya ba ni shawarar a wanke inji tas, kada kuma in ambaci cewa giyarta tana fizga idan ta ɗau zafi. Na ƙi, domin ɓoye aibin haja algus ne, kuma wanda zai saye ta iyalinsa zai zuba a ciki kamar yadda na zuba nawa. Mai saye ya zo da makanikensa, aka taya, na yi albarka har sau biyu, daga bisani na sallama, dillali ya karɓi la'adarsa.

Kuskurena ya zo ne bayan ciniki. Na miƙa makulli da takardar kwastan da sauran takardu, na bar lambar motar tana ɗauke da sunana, bisa alkawarin cewa za a sauya cikin mako guda. Bayan wata takwas sai 'yan sanda suka neme ni, cewa motata ta buge wani mai babur a wata jiha, direban ya gudu. Ashe ta sake hannu har sau biyu, ba wanda ya taɓa zuwa ofishin lasisi. Kwana uku ina kai da komo, uwargida ko barci ba ta yi, kuma abin da ya wanke ni shi ne 'yar takardar yarjejeniya mai sa hannun shaidu biyu da shaidar shigar kuɗi ta banki.

Saboda haka duk mai sayarwa ya tafi da mai saye ƙafa da ƙafa a kammala sauya mallaka kafin mota ta bar ƙofar gidansa, ya kuma ajiye kwafin katin shaidar mai sayen. Ina kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra da ofisoshin lasisi na jihohi su sauƙaƙa wannan aiki yadda zai ƙare a yini ɗaya, su kuma shugabannin dillalai su hana karɓar la'ada sai takardun sun koma sunan sabon mai mota.

Naka,
Wani magidanci daga Kano