A Kai Gwajin Yara Masu Sikila Ƙananan Hukumomi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata mai sikila ya gamu da shanyewar ɓarin jiki yana ɗan shekara 7. Yau ko cokali ba ya iya riƙewa da hannun dama.

Abin da ke ci mini rai, a nan Kano, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka yi binciken da aka wallafa a 2022. Ya nuna ko ƙaramin awo na maganin hydroxyurea yana rage wannan haɗari ga yaran da na'urar TCD, mai auna gudun jini a cikin kai, ta gano jini na gudu da ƙarfi a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu. Gwajin ba allura, ba zafi, a gefen kai ake ɗora na'urar.

Don Allah gwamnatocinmu su kai shi asibitocin ƙananan hukumomi, su rage kuɗin maganin.

Wassalam,
Wata mai karatu, Kano