Zuwa Ga Kamfanin Manhajar Auna Tafiyar Keke: Ku Raba Allon Mai Feda Da Na Mai Batir

Ya ku shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mahayin keke ne a Sakkwato, ina amfani da manhajarku, kuma ina cikin masu biyan kuɗin wata. Abin da ya sa na fito fili da wannan wasiƙa shi ne duk saƙon da na tura sashen ƙorafinku amsa iri ɗaya yake dawowa da ita: an karɓa, ana dubawa. Har yau ban ga abin da aka duba ba.

Ga damuwata. Allon da kuke jera sunayen waɗanda suka fi sauri a kowane zangon hanya ya cakuɗe. Wanda ya taka feda da ƙarfin cinyarsa da wanda batir ya tura duk a layi ɗaya kuke zuba su, kuma kambun yana tafiya ga mai batir. Haka abin yake a hanyar Kware, haka yake a hanyar jami'a bayan gadar Kwalkwalawa, haka a hanyar Bodinga. Duk zangon da muka saba gwada kanmu a kai, sai ka tarar saman allon ya koma hannun wanda bai yi gumin wurin ba.

Kada ku ɗauka ina gaba da keken lantarki ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000, mutane da yawa sun jingine babur. Wanda ya samu hali ya sayi keke mai batir ya yi dabara, kuma ina taya shi murna. Akwai dattawan da gwiwa ta hana hawa keke shekara da shekaru, yanzu sun dawo hanya. Da ku nake, domin ku kuka yi allon, ku kuka ce mu yarda da shi.

Na san za ku ce akwai wurin da mutum zai zaɓi nau'in abin hawansa kafin ya tashi. Akwai shi. Amma a ɓoye yake cikin jerin zaɓi, da Turanci, kuma idan mutum bai taɓa komai ba, manhajar ɗauka take keken feda ne. Akwai wani dattijo a unguwarmu da jikansa ya saka masa manhajar don kawai ya riƙa ganin nisan da yake yi zuwa gona. Bai san akwai wani allo ba, bai san akwai wani kambu ba. Ranar da na nuna masa sunansa a sama da na samarin da ke atisaye kullum da asuba, sai ya kama baki ya ce, "Ɗana, ni da ko feda ba na takawa sai idan caji ya ƙare?" Na ce, "Baba, ba laifinka ba ne." Nan take ya miƙo mini wayar ya ce in gyara. Mutum irin wannan ba maguɗi ya yi ba. Hanya kuka shimfiɗa masa ya bi.

Bari in yi bayanin girman bambancin, don na lura tacewar da kuke yi tana kama gudun da ya wuce hankali ne kawai. A Tarayyar Turai, keken da doka ke kira keken lantarki ƙarfin injinsa ba ya wuce wat 250 (wat shi ne ma'aunin ƙarfi), kuma yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. A Amurka iyakar ta kai wat 750, wani rukunin yana taimakawa har kilomita 32, wani har 45. A takarda wat 250 kamar ba komai ba ne, amma kusan shi ne iyakar abin da mahayi mai motsa jiki sosai yake iya riƙewa na tsawon lokaci, da yawanmu ma ba mu kai nan ba. Ke nan mai batir yana tafe da ƙarfin mutum biyu. Wasu kekunan da muke gani a nan kuwa totur gare su kamar babur, murɗawa kawai ake yi.

Inda abin ya fi ciwo shi ne lokacin hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take busowa, don haka duk wanda ya nufi Kware a hanyar Illela gaba da gaba yake da ita. Wanda ya taɓa yin wannan tafiya ya san yadda take: ƙura a haƙori, leɓe a fashe, ka sauke giya ka duƙa a kan kan keke, kana takawa kamar ana riƙe ka ta baya. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska ba ya tafiya daidai da gudu. Idan kana so ka ninka gudunka, sai ka ba da ƙarfi kusan ninki takwas. Shi ya sa a irin wannan rana gudun kilomita 25 a awa babban aiki ne ga mai feda, ga mai batir kuwa zama ne kawai. A idon na'urarku kilomita 25 ba abin tuhuma ba ne, sai ta bar shi ya wuce. Amma ku buɗe zanen gudun ku duba. Na mai feda hawa da sauka yake, yana faɗuwa a tudu, yana tashi a gangare, yana yanƙwanewa a ƙarshen zango idan ƙafa ta gaji. Na mai batir miƙe yake sak, tudu da gangare duk ɗaya. Ni da ke kallo a ƙaramar waya ina gane shi. Ta yaya kwamfutocinku za su kasa?

Akwai kuma wanda yake manta kashe manhaja ya ɗora kekensa a keke Napep, ko ya hau kabu-kabu da wayar a aljihu, sai ka ga ya share zango mai kilomita da yawa da gudun kilomita 60 a awa. Filippo Ganna na Italiya, wanda ya kafa tarihin duniya a Oktoban 2022, kilomita 56.792 ya yi a awa ɗaya, a cikin rufaffen fili a Suwizalan. Don haka mai gudun 60 ɗin nan ko tambaya ba ya buƙata, sharewa kawai.

Maganin da kuka ba mu shi ne mu danna alamar tuhuma a kan tafiyar da muke zargi. Wataƙila wannan yana aiki a garuruwan da mahaya suka kai dubbai, ba wanda ya san wani. A Sakkwato mu kaɗan ne, kuma mun san juna. Wurin mai faci ɗaya muke haɗuwa, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Ko kun ɓoye sunan wanda ya danna, kafin la'asar an gane shi. Na ga abokai biyu da suka daina gaisawa a kan wannan, ɗaya yana cewa an kira shi maƙaryaci a bainar jama'a. Kun ɗauki aikin alƙalanci kun ɗora mana, alhali mu muke biyan ku. Kuma saboda ƙarancinmu, sakamakon ƙarya guda ɗaya yana iya zama a saman allo shekaru ba wanda ya isa ya ture shi.

Wani zai ce, a kan kambun da ba ya sayen ko mudun gero ake wannan dogon zance? To, ku zo ku ga yaran da nake magana a kansu. Akwai wani matashi mai koyon ɗinki da ya yi ta tara kuɗi har ya sayi tsohon keken tsere na gwanjo. Yana fita bayan sallar asuba, kafin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya sauko, ya dawo rigarsa ta yi fari da gishirin zufa, sannan ya buɗe shago. Ba shi da koci, ba shi da na'urar auna ƙarfi, ba gasar da ake shiryawa kusa da shi a kai a kai. Allonku shi ne kaɗai ma'aunin da yake da shi na sanin ko yana ci gaba. Ya daɗe yana rage daƙiƙoƙi a zango ɗaya, saura ƙiris ya kai na farko, sai wata safiya ya tarar wani ya zarce shi da tazarar da ƙafar ɗan Adam ba ta iya rufewa. Ya ce mini, "Yaya, to mene ne amfanin?" Ban samu amsar ba shi ba. Mu abin da muka taso muka ji shi ne kowa ya ci zomo ya ci gudu, allonku kuwa yana koya masa akasin haka.

Masu kula da wasan a duniya ba su ɗauki wannan da wasa ba. A Janairun 2016, a gasar duniya da aka yi a Zolder ta ƙasar Beljiyam, an samu inji ɓoye a cikin keken wata 'yar tsere mai suna Femke Van den Driessche, hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta dakatar da ita shekara shida. Hukumar nan dai ita ce ta buɗe wa kekunan lantarki na hawan dutse tasu gasar duniya a 2019 a Kanada. Ba ta kore su ba, fili ta ware musu. Abin da nake nema ke nan.

Ku sa manhajar ta tambayi mutum ƙarara, tun ranar da ya fara amfani da ita, ko kekensa yana da batir, da hoton keke biyu da kowa zai gane ko bai iya karatu ba. Ku sa tambayar da Hausa. Masu jin Hausa miliyoyi ne a Najeriya da Nijar, fassara 'yan layuka ba za ta gagare ku ba. Idan zanen gudu ya nuna alamar inji, ku da kanku ku tura wa mai shi saƙo cikin ladabi ya tabbatar, ku ɗage lokacin daga allo har sai ya amsa, ba sai maƙwabcinsa ya tsaya a matsayin mai ƙara ba. Sannan ku koma baya ku tace tsofaffin lokutan da ke kan zangunan Sakkwato, ku mayar da na masu batir allonsu, su ma su yi tasu gasar su san gwaninsu. Ba na neman a rufe asusun kowa.

Kuɗin da muke biya ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, musamman yadda naira ta faɗi tun 2023. Ina so mutum ya karanta wannan wasiƙa ya ba ni amsa, ya faɗa mini abin da za ku yi da kuma lokacin da za ku yi shi. Zan jira zuwa ƙarshen wannan hunturu. Idan allon yana nan yadda yake, zan dakatar da biyan kuɗin wata, kuma zan gaya wa abokan hawana dalili.

Naku,
Wani mahayin keke daga Sakkwato