Karatun kula da otal ba abin kunya ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana iyaye.

Shekara uku da suka wuce 'yata ta biyu ta samu gurbin karatun kula da otal da harkar abinci a wata kwalejin fasaha. Ranar da na faɗa a gida, yayata ta riƙe baki ta ce, "Malam, girkin ma sai an je makaranta? Kuma otal? To wa zai aure ta?" Ni kaina sai da na kwana biyu ina juya maganar, don kowa ya san abin da Bahaushe ke kawowa a ransa in an ce otal. Na yi istihara, na bar ta ta tafi.

Bara aka yi bikin ɗan wannan yayar tawa. Yarinyar ta tambayi mutum nawa aka gayyata, aka ce kamar 300. Ta ɗauki biro ta fitar da mudun shinkafa nawa za a dafa, man gyaɗa kwalba nawa, kaji nawa, har da kuɗin da kowane faranti zai ci. Ta hana a yanka latas da kabeji a kan katakon da aka yanka ɗanyen nama. Ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye cikin zafin nan namu. Masu aikin suka yi ta gunaguni, amma aka tashi biki abinci ya wadata, ba a kwana da tukunyar shinkafa tana tsami a tsakar gida ba kamar yadda muka saba. Yayata da kanta ta kira ta ɗaki ta sa mata albarka.

Ashe girki ɗan ɓangare ne kawai. Ɗaliban suna koyon lissafin shiga da fita, kula da sito, tsaftar abinci, karɓar baƙi da tafiyar da ma'aikata. Shekara 2 ake yi a samu ƙaramar difloma, wato ND, da wata 4 na koyon aiki a tsakani, sannan shekara guda a bakin aiki kafin a koma babbar difloma, wato HND. Hukumar NBTE da ke Kaduna ce ke tantance karatun, kamar yadda take tantance na injiniya. Ga kuma cibiyar NIHOTOUR ta gwamnatin tarayya mai koyar da harkar otal da yawon buɗe ido, wadda ke da reshe a Bagauda.

Mu da muke alfahari da karɓar baƙo, mu ne muke gudun sana'ar. Ka shiga manyan otal na Abuja ko Kaduna, za ka fi ganin 'ya'yanmu a bakin ƙofa suna gadi, ba a ofishin manaja ba. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Kukana na biyu ga hukumomi ne. Duk ranar da za su shiga kicin ɗin makaranta, ɗalibai ke yin karo-karo su sayi gas da fulawa da ƙwai. Tanda ɗaya ce ke aiki, firji kuwa sai an kawo wuta. Akwai ƙawarta da ta ajiye karatun saboda wannan kuɗin. Ina roƙon gwamnatocin jihohinmu su leƙa waɗannan sassa su ga halin da suke ciki, masu otal-otal kuma su riƙa karɓar yaran koyon aiki da rana, su ba su ko kuɗin mota ne.

Na gode.

Wani mahaifi,
Tudun Wada, Zariya.