Godiya ga ofishin San Antonio Spurs, daga wanda ya taɓa zaginku

Gaisuwa da fatan alheri ga R.C. Buford da Brian Wright, shugabannin wannan kulob ɗin ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka, da duk ma'aikatan ofishinku.

Bari in fara da neman afuwa, don wallahi a 2022 da kuka sayar da Dejounte Murray ga Atlanta ba irin maganar da ban faɗa a kanku ba, ga shi 'yan watanni kafin nan kun ba Boston Derrick White, na ce shikenan mutanen nan sun kashe mana kulob, wai an ba da ɗan wasan da ya je All-Star (wasan taurarin NBA) an karɓo alkawarin zaɓe uku na zagayen farko a draf (zaɓen sabbin 'yan wasa da kulob-kulob ke yi bi da bi kowace shekara), abin da ko a hannu ba ka riƙe ba. Kakar da ta biyo baya wasa 22 muka ci aka doke mu 60, ni kuma ina tashi ƙarfe biyun dare a Kano in ƙona data in kalli ana lallasa mu, da safe abokai su yi ta min tsiya.

Ashe kun san abin da kuke yi. San Antonio ba Los Angeles ba ce ba Miami ba ce, manyan taurari ba sa rububin zuwa can don kansu, in kana son gwarzo sai dai ka ɗauko shi tun yana ɗanye ka raine shi. Haka aka samu David Robinson a 1987, har kuka jira shi shekara biyu ya gama aikin sojan ruwa, haka aka samu Tim Duncan a 1997 bayan kakar da aka ci wasa 20 kacal, shekarar da ya shigo aka ci 56, kofi biyar kuma suka biyo baya daga 1999 zuwa 2014.

Eh na sani akwai sa'a a ciki. A 2023 damarmu ta samun lamba ɗaya a ƙuri'ar da ake jefawa don tsara layin draf kashi 14 ce cikin 100, Detroit da suka fi mu shan kashi sai na biyar suka samu, mu kuma Allah ya ba mu Victor Wembanyama (Wemby), dogon yaron nan na Faransa da ke toshe kwando kamar an sa ƙofa. Amma sa'a ba ta zaɓar maka mutum, Cleveland ma sun riƙe lamba ɗaya a 2013 suka ɗauki Anthony Bennett, kowa ya ga bai taɓuka komai ba. Ku da kuka samu lamba huɗu a 2024 kuka ɗauko Stephon Castle, shi ma ya ci kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa kamar yadda Wemby ya ci kafin shi, a 2025 kuma ga Dylan Harper a lamba biyu. Ofishin da ya tsinto tsohon gwarzonmu Manu Ginobili a lamba 57 dama ai ba a koya masa kallon ɗan wasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ku yi gaggawar watsar da zaɓukan nan don farin cikin kaka ɗaya ba, sai da Wemby ya nuna kansa sannan kuka kawo tauraron ɗan wasa De'Aaron Fox. A gaida tsohon kocinmu Baba Popovich, Allah ya ƙara masa lafiya. Don Allah dai ku riƙe mana yaran nan, kar in sake farkawa in ji an sayar da Castle.

Naku,
wani masoyin Spurs daga Kano